Shin dokinmu na gida zai iya ɗaukar horon diresaj a nan Jos?

Baban Sadiƙ

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaida iyayenmu da yayyenmu da ke cikin wannan zaure, musamman waɗanda suka san doki tun muna goye. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na ga gara in kawo ta gabanku tun kafin in zuba kuɗina a ƙasa.

Kamar yadda wasunku suka sani, na yi shekara biyu da 'yan watanni ina aikin barga a wata gonar dawaki da ke arewacin Jamus, inda ba a komai sai horar da dawaki domin wasan da ake kira diresaj. Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta horo, kuma abin da ake so a gani shi ne doki yana tafiya, yana sassarfa, yana ƙaramar sukuwa, yana juyi yana tsayawa bisa umarnin mahayinsa, ba tare da mai kallo ya gane lokacin da aka ba da umarnin ba. Kafin in je, na ɗauka wasa ne na masu hannu da shuni da baƙar kwat. Da na je sai na tarar yawancinsa shebur ne da baro da tsintsiya.

Ƙarfe shida na safe, ko da ƙanƙara na zuba, mun riga mun zuba ingirici. Sai dawakin sun ci ciyawa sannan a ba su hatsi, kowanne da ma'auninsa a rubuce a jikin ƙofarsa. Daga nan a kwashe kashi, a sake shimfiɗa, a goge kowane doki da buroshi, a ɗaga ƙafafunsa huɗu ɗaya bayan ɗaya a ƙwaƙule ƙasar da ke cikin kofato, a shafa jijiyoyin ƙafa da tafin hannu ko za a ji zafi ko kumburi. Hawan kansa bai cika kai awa ɗaya ba, kuma minti goma na farko da na ƙarshe tafiya ce kawai da sakakken kamazuru. Sauran yinin na kiwo ne da wanki da shafa wa sirdi mai.

Abin da ya fi tsaya mini a rai wata goɗiya ce 'yar shekara huɗu. Wata uku cur tsohuwar da ke horar da ita ba ta nemi komai daga gare ta ba sai ta zagaya da'ira mai faɗin mita 20 cikin sassarfa, ba ta ƙara sauri ba ta rage. Ni da nake riƙe da ƙofa har haushi yake kama ni. Wata safiya sai na ga goɗiyar ta sauke wuya da kanta, ta yi dogon numfashi ta hanci, jelarta ta fara lilo a hankali, bakinta ya yi 'yar farar kumfa tana tauna linzami cikin natsuwa. Tsohuwar ta sauka nan take, ta ba ta guntun karas, ta ce a mayar da ita barga, alhali ko minti 20 ba su yi ba.

To, ina da fili a bayan Bukuru ta hanyar Vom, ina kuma da wani hurde ɗan shekara huɗu da ba a taɓa sa masa linzami ba. Niyyata in share filin in gwada wannan tsari a kansa. Tambayata ita ce, shin dokinmu na gida zai ɗauka, ko kuwa wahalar banza zan saya wa kaina?

Baba Mai Barga

Wa alaikumus salam. Ɗana, sannu da dawowa, Allah ya sa an dawo a sa'a. Na karanta bayaninka har ƙarshe, jikana ya kuma nuna mini hoton bidiyon wannan wasa a wayarsa, amma ban ga abin da ya sa za a haye teku kafin a koyo shi ba. A barga na tashi, a ƙasar Zazzau, kafin kasuwanci ya kawo mu Jos. Na ga dokin da idan aka busa algaita yakan taka rawa a wuri ɗaya har a gama busa, na ga wanda ke miƙewa a kan ƙafafun baya ya yi gaisuwa, na kuma ga mahaya sun zaburo a guje ranar jafi sun ja linzami ƙasa na tashi, sun tsaya cak taku kaɗan daga gaban sarki. Wane Bature ne ya koya mana wannan? Yanzu ma ai duniya ta shaida, tunda a 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin abubuwan gado na al'adun 'yan Adam. Idan rawar doki kake nema, ka zo in haɗa ka da waɗanda suka gaje ta.

Baban Sadiƙ

Allah ya ƙara maka lafiya, Baba. Ba ni da bakin da zan musa maka, domin ni ma a bakin hanya na tsaya ina yaro ina kallon hawa, daga nan son doki ya shige ni. Amma ka yi mini izini in faɗi inda hanyoyin suka rabu.

A hawan salla, idon jama'a ne alƙali, kuma ƙwarjini da ado da jarumta ake nema. A diresaj kuwa fili ne a aune, tsawonsa mita 60 faɗinsa mita 20, an kafa haruffa a gefensa. Ta wajen harafin A ake shiga, babban alƙali yana zaune a wajen C yana fuskantar mai shigowa, tsakiyar fili kuma X ake ce mata, a nan ake tsayawa a yi gaisuwa. Takarda ce ta riga ta faɗi abin da za a yi a kowane harafi, kowane motsi kuma ana ba shi maki daga 0 zuwa 10, a ƙarshe a tara a fitar da kashi cikin ɗari. A gasar Olamfik alƙalai bakwai ne ke kewaye da filin, kowa na kallo ta kusurwarsa. Idan mahayi ya yi wa doki magana ko ya ƙyasta masa harshe, za a rage masa maki.

Rawar wuri ɗaya da Baba ya ambata, su fiyaf suke ce mata, kuma a babbar jarrabawa ta Grand Prix ana neman taku 12 zuwa 15. Sai dai ba ɗaga ƙafa kaɗai ake dubawa ba. Dole ƙafar gaba ta dama ta tashi tare da ta baya ta hagu, sannan ta gaba ta hagu tare da ta baya ta dama, bugu biyu daidai kamar na sassarfa, ƙugu ya ɗan sauka ya ɗauki nauyin jiki, baki a rufe, jela a sake. Akwai kuma sauya ƙafar da ke jagora a cikin ƙaramar sukuwa, sau 15 a jere, kowane taku da sauyinsa. Ba a barin doki ya shiga wannan mataki sai ya kai shekara 8, domin tsokar da ke ɗaukar wannan aiki shekaru take ɗauka kafin ta ginu. Jamusawa suna da tsani mai hawa shida da suke bi, na farkonsa daidaiton taku, na biyu sakin jiki, na ƙarshe tattara jiki, kuma ba a tsallake hawa. Goɗiyar da na ba da labari, ranar nan hawa na biyu ta taka.

Saboda haka, Baba, rawar ba ita nake nema ba. Hanyar da ake bi a kai gare ta ba tare da an ji wa bakin doki ciwo ba, ita ce ta burge ni.

Alhaji Mai Folo

Ni dai tambayar ɗan kasuwa zan yi. A ce ka share fili, ka yi shekara biyar kana zagaye, hurden ya ƙware. Da wa za ka kara? Wa zai zauna a wajen C ɗin ya ba ka maki? Folo ya zauna da gindinsa a ƙasar nan ne saboda sarakuna sun riƙe shi, tun daga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo, har aka samu kulob a Katsina da Kaduna da Kano da Legas da Abuja da nan Jos, kowanne da lokacin gasarsa. Wanda ya sayo doki daga Ajantina ya san inda zai kai shi ya buga, ya kuma san wanda zai saya idan ya tashi sayarwa. Naka wasan ba shi da kasuwa a nan. Su kansu dawakin da ke cin gasar a can, na Hanoba da Oldenbag a Jamus da na Holan, manya ne masu dogon taku da aka yi shekara da shekaru ana tace irinsu domin wannan aiki. Hurdenka ko ya yi ladabi kamar almajirin kirki, ba zai miƙa ƙafa kamar su ba.

Likitan Dabbobi

Ina neman afuwa zan ɗan tsawaita, domin maganar ta shigo fagena ta wurare biyu.

Na farko, idan akwai mai tunanin maganin matsalar da Alhaji ya kawo shi ne a sayo irin waɗancan manyan dawaki a kawo su Filato saboda muna da sanyi, to ya dakata. Gaskiya ne Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma iskarmu ta fi ta Abuja sauƙi ga dabba, amma sanyi ba ya korar annobar dawakin Afirka. Wasu ƙananan ƙwari ne masu cizo daga magariba zuwa asuba ke yaɗa ta, sun fi yawa da damina, ƙwayar cutar kuma kala tara ce. Dokin da ya zo daga ƙasar da babu ita, jininsa bai san ta ba, kuma mafi yawan irinsu da suka kamu ba sa tashi. Ga kuma cututtukan da kaska ke sawa a jini. Wannan annobar ce kuma ta sa fitar da doki daga nan zuwa Turai domin gasa ya zama abu mai matuƙar wuya. Dokin gida ya fi jure duk waɗannan, ko da yake shi ma yana bukatar rigakafi da raga a tagar barga. Tunda filinka yana hanyar Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924, gwajin jini ba zai yi maka nisa ba.

Na biyu shi ne abin da nake gani da idona bayan kowane hawa da kowane bikin da aka yi kilisa. Ana kawo mini dawaki da tsagaggen gefen baki, da rauni a dasashi da ganɗa, da ƙuje a haƙarƙari inda gefen likkafa ya yi ta suka. A makon da ya wuce na buɗe bakin wani akawal da aka ce ya daina cin harawa, na tarar da harshensa da tsohon tabo a tsakiya kamar an ɗaure shi da waya. Mai shi mutumin kirki ne, yana sonsa, yana ba shi gero da dusa da kanwa fiye da kima ma, amma yara ne ke hawansa da linzami mai harshe da zobe. A dokar diresaj, idan alƙali ya ga sabon jini a jikin doki, ƙararrawa zai kaɗa a fitar da shi daga gasar. Ko da wannan doka kaɗai muka aro, ni na gode.

Sannan abin da Baban Sadiƙ ya faɗa na fara ba da ciyawa kafin hatsi ba tsirfar Turawa ba ce. Tumbin doki ƙarami ne, kuma doki ba ya iya amai, shi ya sa cika masa ciki da hatsi lokaci guda ke jawo ƙullewar ciki da ke kashe su dare ɗaya.

Baba Mai Barga

Likita, ban ƙi maganarka ba, na ga irin wannan rauni fiye da yadda ka gani. Amma kada a ɗora wa ƙarfe laifin hannu. Wanda ya koya mini hawa, Allah ya ji ƙansa, da wannan linzamin mai zobe yake hawa, kuma da yatsa biyu yake riƙe kamazuru, sauran yatsun suna riƙe da gefen alkyabba. Dokinsa ya tsufa ya mutu ba a taɓa ganin jini a bakinsa ba. Shekara guda na yi ina yankan ciyawa ina kwasar kashi a gindin turke kafin ya bar ni in sa ƙafa a likkafa, kuma ranar da ya ga na fizgi linzami, sauke ni ya yi a gaban mutane na koma gida a ƙasa. Abin da ya lalace shi ne yanzu yaro zai yi hayar doki da safe, da la'asar yana sukuwa a kan kwalta ana ɗaukarsa a waya. Wannan ba gadonmu ba ne. Haƙurin da ɗana ya gani wurin tsohuwar Baturiya, da muna da shi a barga, mu muka yar.

Malam Na Gangare

Allah ya saka wa Baba. Ni abin da ya hana ni sakin jiki da wannan magana shi ne yadda ake nuna kamar su can hannunsu tsarkakakke ne. Charlotte Dujardin ta Ingila, wadda ta ci zinare a Landan a 2012 da Rio a 2016 a kan wani doki mai suna Valegro, ta kuma kafa tarihin maki 94.3 cikin ɗari a 2014, ai ita ce ta janye daga gasar Olamfik ta Paris a 2024 ana saura 'yan kwanaki, bayan an fitar da bidiyon da ya nuna tana zabga wa doki bulala a ƙafafu wajen horo. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ta dakatar da ita shekara guda. Tun a 2010 ma sai da hukumar ta haramta lanƙwasa wuyan doki da ƙarfi har haɓarsa ta kusa taɓa ƙirji, kuma ba a haramta abin da ba a yi. A babban mataki ƙarfe biyu suke sa wa doki a baki, ga ƙaimi a dunduniya. To ina bambancin da namu, ban da su suna yi a bayan katanga?

Baban Sadiƙ

Malam, duk abin da ka faɗa haka yake, kuma ba zan kare shi ba. Ni kaina a wata gasa da muka je na ga wani mahayi a filin ɗumama jiki ya danne kan dokinsa har dabbar ba ta ganin gabanta, muna tsaye da bokitai muna kallo, babu wanda ya tanka a cikinmu saboda mu yaran barga ne. Inda kuɗi mai yawa ya shiga, gaggawa takan biyo shi, domin mai doki yana so ɗan shekara shida ya yi aikin ɗan shekara tara a sayar da shi da tsada. Bambancin da na gani shi ne akwai rubutacciyar doka da za a kama mutum da ita, kuma an kama wadda ta fi kowa suna. Ƙarfe biyun kuwa ba a fara doki da su. Shekarun farko da linzami mai santsi mai gaɓa a tsakiya ake yi, kuma shi zan sa wa hurde.

Alhaji kuma, na yarda ba zan ci kowa a Jamus ba. Amma a ƙananan jarrabawa ba tsawon taku kaɗai ake ba maki ba. Tsayawa da ƙafafu huɗu a daidai, da'ira ta fito da'ira, a sauya daga sassarfa zuwa tafiya a daidai harafin da aka ce, duk wannan dokin gida zai iya.

Maman Ummi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. 'Yata ta biyu, mai shekara 12, ba ta da zance sai na doki, mahaifinta kuma ya hana ta zuwa wajen kilisa saboda cunkoson samari da guje-guje, ni ma ban ga laifinsa ba. Yaya Baban Sadiƙ, shin wannan wasa mata na yin sa sosai, ko jefi-jefi ne? Kuma idan filin ya tabbata, za a iya ware lokacin da yara mata za su zo da iyayensu?

Baban Sadiƙ

Hajiya, a gonar da na zauna mata sun fi maza yawa nesa ba kusa ba. Yana cikin wasanni ƙalilan da mace da namiji ke karawa a jarrabawa ɗaya a Olamfik. Da farko, tun daga 1912, hafsoshin soja ne kaɗai ke shiga, sai a 1952 a Helsinki aka buɗe wa kowa, kuma a wannan shekarar Lis Hartel ta ƙasar Denmak, wadda shan inna ya shanye mata ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa har sai an ɗora ta a kan doki, ta ci azurfa, ta sake ci a 1956. Babu guje-guje a ciki, fili ne a killace, kuma ba za ta hau ba sai da hular kwano. Sai dai ba a kan hurde ba, domin ɗan koyo da ɗanyen doki ba sa haɗuwa. Sai mun samu tsohon doki mai sanyin hali.

Alhaji Mai Folo

Har yanzu ban ga riba a ciki ba, amma ina da wata goɗiya 'yar shekara 15 da ta daina buga folo, ba ta cizo ba ta harbi, tana nan tana cin harawa a banza. Idan Likita ya duba ƙafafunta ya ce lafiya, a kai ta can yara su koya, abincinta na wata shida a wuyana.

Shawara ɗaya game da filin. Kada ka yaudaru da rani. Jar ƙasar wajen Bukuru idan ruwan Agusta ya sauka takan zama sulɓi, da rani kuma ta ƙeƙashe kamar siminti. Ka sa a ɗan karkatar da filin ruwa ya riƙa gangarewa gefe guda, a yi magudana, a daddaɓe tsakuwa a ƙasa kafin a zuba yashi. Yashin tsofaffin ramukan kuza yana kusa da kai, amma a tankaɗe shi saboda duwatsu, kuma kada zurfinsa ya wuce tsawon yatsa, domin yashi mai zurfi jijiya yake ci. Ka fara da ƙaramin fili mai tsawon mita 40 maimakon 60, sauran mita 20 ɗin su jira.

Baba Mai Barga

Ɗana, ranar Asabar bayan azahar zan sa jikana ya kawo ni in ga hurden. Kada ka sa masa komai a baki kafin in zo, ina so in duba haƙoransa da kaina, domin shekara huɗun da mai sayarwa ya faɗa maka ba lallai ne ita ce a bakinsa ba. Zan zo da tsohon linzamina, ka fito da naka na Jamus, mu ajiye su gefe da gefe Likita ya gani.

Likitan Dabbobi

In sha Allahu zan zo, amma sai wajen la'asar, ina da allurar shanu a Kuru da safe. Alhaji, a bar goɗiyar ba sirdi tun daga Juma'a, kuma a turo mini hoton kofatanta na gaba tun yau.